Ɗana ya yi rajistar ba da ɓargo don tunawa da wata 'yar wasa: ina haɗarin, ina amfanin?

Tambaya: Ɗana yana karatu a Jami'ar Yale da ke Amurka. Ya kira ni ya ce a wani gangami da ake yi duk shekara da sunan wata ɗaliba 'yar wasa da ta rasu, Mandi Schwartz, an goga masa auduga a cikin baki an sa sunansa cikin masu ba da ɓargo, kuma yana so ya riƙa ba da jini. Hankalina bai kwanta ba, domin na ji ana cewa daga ƙashin baya ake zuƙo ɓargon, mutum yana iya shanyewa. Sannan wadda ta riga ta rasu, me wannan zai ƙara mata? Likita, a yi mini bayani.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya miki shi, ya sa ya kammala karatunsa lafiya. Zan fara da abin da ya fi tayar miki da hankali, domin shi ne ya fi sauƙin warwarewa. Abin da ke bi ta cikin ƙashin baya, wanda idan ya taɓu mutum yake shanyewa, laka ce, kuma masu ɗibar ɓargo ba su zuwa ko kusa da ita. Ɓargo shi ne wannan abu mai laushi da ke cikin ƙashi, wanda duk mai dafa ƙashin saniya ta san shi, kuma a jikin ɗan Adam a nan ne ake ƙera jini dare da rana. Ko da ta kama a ɗebo shi kai tsaye, daga faffaɗan ƙashin ƙugu ake ɗiba ta baya, alhali laka tana ƙarewa ne can sama da wannan wuri. Abin da aka yi wa ɗanki zuwa yanzu bai wuce goga tsinken auduga a cikin kumatunsa ba, don a ɗauki 'yan ƙwayoyin halitta a karanta irin jikinsa a ajiye a kundi. Mafi yawan waɗanda suka yi rajista ma har shekarunsu su fitar da su daga kundin ba a taɓa kiran su ba.

Kafin in shiga bayanin yadda ake bayarwa, ya kamata ki san yarinyar da ake yin wannan abu da sunanta, domin labarinta ne ke bayyana dalilin komai. Mandi Schwartz 'yar ƙasar Kanada ce, daga wani ƙaramin gari mai suna Wilcox a lardin Saskatchewan, inda yara ke tashi da wasan hoki na kan ƙanƙara. An haife ta a 1988, ta shiga Jami'ar Yale, ta zama 'yar wasan gaba a ƙungiyar hoki ta mata ta jami'ar, tana sanya riga mai lamba 17. A watan Disamba na 2008, tana shekararta ta uku a jami'a, aka gano tana ɗauke da wani nau'in sankarar jini mai saurin ci, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da AML. A wannan cuta, ƙwayoyin da ya kamata su girma su zama fararen ƙwayoyin jini sai su tsaya ba su nuna ba, su yi ta hayayyafa har su cika ɓargo, su hana shi yin jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da masu tsayar da zubar jini, da masu yaƙi da cuta. Ta koma gida aka yi mata magani mai ƙarfi, cutar ta lafa, har ta dawo makaranta a farkon 2010 ta ci gaba da atisaye da ƙawayenta. Bayan 'yan watanni cutar ta dawo, kuma idan irin wannan sankara ta dawo bayan ta lafa, abin da ya rage na warkewa shi ne dashen ɓargo. Aka bincika danginta, aka bincika kundayen masu bayarwa na duniya, ba a sami mutum ɗaya da ya dace da ita sosai ba. A watan Satumba na 2010 aka yi mata dashe a birnin Seattle da ƙwayoyin da aka tara daga jinin cibiyar jarirai, amma kafin shekarar ta ƙare cutar ta sake bayyana. Ta rasu ranar 3 ga Afrilu, 2011, tana da shekara 23.

Mutane da yawa sukan yi mamakin yadda za a rasa mai bayarwa cikin miliyoyin mutane, saboda suna zaton dacewar ɓargo irin ta rukunin jini ce, wato A da B da AB da O. Ba haka ba ne. Abin da ake dubawa wasu alamomi ne da ke jikin kusan kowace ƙwayar halitta ta mutum, waɗanda ake kira HLA, kuma da su ne garkuwar jiki ke rarrabe nata da baƙo. Wani likita Bafaranshe, Jean Dausset, shi ne ya fara gano su a 1958. Kowane mutum yana gadon rukuni ɗaya na waɗannan alamomi daga uwa, ɗaya daga uba, kuma nau'o'insu sun kai dubbai, shi ya sa haɗuwarsu a jikin mutane biyu da ba su da dangantaka take da wuya ƙwarai. Yawanci muna neman alamomi takwas su dace, wani lokaci goma. Tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, yiwuwar cikakkiyar dacewa kashi 25 ce cikin ɗari, yiwuwar dacewar rabi kashi 50, ragowar kashi 25 kuma ba su dace ba sam. Da Hausawa suka ce ɗan'uwa rabin jiki ne, a wannan fage sun faɗi abin da gwaji ke nunawa a rabin lokuta. Sakamakon wannan lissafi shi ne kusan kashi 70 cikin ɗari na masu buƙatar dashe ba su da cikakken wanda ya dace da su a cikin gida, dole a nemo musu a waje.

Dalilin da ya sa ake tsananta wannan dacewa shi ne, dashen ɓargo ya bambanta da dashen ƙoda ko hanta. Idan aka dasa wa mutum ƙoda, tsoron da ake ji shi ne jikinsa ya ƙi ta. Idan aka dasa masa ɓargo kuwa, garkuwar jikin wani aka ɗauko gaba ɗaya aka zuba masa, saboda haka baƙon ne ke iya juyowa ya far wa mai masaukinsa, ya kama fata da hanji da hanta, wani lokaci har ya kai ga halaka. Amma wannan faɗa ɗin da baƙon ke yi, idan an iya sarrafa shi, shi ne kuma yake farautar ragowar ƙwayoyin sankara da magani bai kashe ba. Aikin likitan dashe kusan duka ya ta'allaƙa ne ga daidaita waɗannan biyun. Jinin cibiyar jarirai, irin wanda aka yi wa Mandi amfani da shi, yana da sauƙin sharaɗi saboda garkuwar jariri ba ta ƙosa ba, kuma tun 1988 aka fara dashe da shi a birnin Faris. Matsalarsa ita ce ƙarancin ƙwayoyin da ke cikinsa, shi ya sa sau da yawa ake haɗa na jarirai biyu ga babban mutum, kuma yakan daɗe kafin ya kama. Birnin Seattle da aka kai ta ma yana da tarihi a wannan ilimi, domin a can ne Dakta Donnall Thomas ya yi shekaru yana gina fasahar dashen ɓargo har ya sami lambar yabo ta Nobel a 1990.

Gangamin da ɗanki ya halarta an fara shi ne tun Mandi tana raye, a 2009, lokacin da ƙawayenta na hoki suka haɗa kai da sauran 'yan wasan jami'ar, musamman na ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, suna tare ɗalibai a harabar makaranta suna roƙonsu su yi rajista. Sun san da wuya wanda zai dace da ita ya fito daga cikin waɗanda suka tara, kuma bai fito ɗin ba. Daga baya aka sa wa gangamin sunanta, ake yin sa kowace shekara, kuma ta hanyarsa dubban mutane sun shiga kundi, gommai daga cikinsu sun ba da ƙwayoyinsu ga marasa lafiya da ba su taɓa gani ba. Tsarin da suka bi wani kocin ƙwallo ne na Jami'ar Villanova, Andy Talley, ya assasa shi. Tun 1992 ya fara sa 'yan wasansa suna yin rajista suna kuma jawo abokansu, daga baya ya haɗa kai da hukumar kundin masu ba da ɓargo ta Amurka, wadda aka daɗe ana kira Be The Match, yanzu kuma ake kira NMDP, aka yaɗa abin zuwa jami'o'i masu yawa.

Zaɓen jami'a da 'yan wasa ba don neman suna ba ne kawai, akwai dalilin likitanci a ciki. Binciken da aka yi a kan dubban dashe ya nuna cewa, bayan dacewar alamomin nan, babu abin da ya fi ƙarancin shekarun mai bayarwa tasiri ga rayuwar majinyaci. Shi ya sa kundin Amurka ya sa iyakar shekaru ga sababbin masu rajista, kuma likitoci suka fi zaɓen waɗanda ba su wuce talatin da 'yan kai ba. Ɗalibi mai shekara ashirin yana da ƙoshin lafiya, kuma sunansa zai daɗe a kundi shekaru masu yawa.

A nan ne maganar ta shafi ɗanki fiye da yawancin abokan karatunsa, kuma ina so ki tsaya ki duba wannan da kyau. Tunda gado ake yin waɗannan alamomi, mutum ya fi samun wanda ya dace da shi a cikin waɗanda suka haɗa asali. Alƙaluman da hukumar kundin Amurka ta daɗe tana bayarwa sun nuna cewa Bature majinyaci yana da yiwuwar kashi 79 cikin ɗari na samun wanda ya dace da shi a kundin, baƙar fata kuwa kashi 29 kacal. Dalili biyu ne suka haɗu. Na farko, baƙaƙen fata ba su da yawa a kundayen duniya, domin manyan kundayen suna Amurka da Jamus da Ingila da makamantansu. Na biyu, mutanen Afirka sun fi kowace al'umma yawan bambancin waɗannan alamomi a tsakaninsu, saboda haka ana buƙatar mutane da yawa kafin a sami dacewa ɗaya. Bahaushen da ya yi rajista a Amurka yana ɗauke da haɗin alamomin da wataƙila babu irinsa ko ɗaya a kundin kafin zuwansa, kuma da yake kundayen ƙasashe suna bincikar juna, wanda zai amfana yana iya kasancewa a ko'ina. Wani ɗan Najeriya da ya karanta lauya a wannan jami'a ta Yale, Seun Adebiyi, wanda shi ma ɗan wasa ne da ke shirin wakiltar Najeriya a gasar Olamfik ta lokacin sanyi, ya gamu da wannan bango a 2009 lokacin da aka gano yana da sankarar jini. Bai sami babban mutum da ya dace da shi ba, jinin cibiya ne ya cece shi, kuma bayan ya warke ya tsaya tsayin daka har aka buɗe kundin masu ba da ɓargo na Najeriya a Inugu a 2012. Buƙatar kuma ba ta tsaya ga sankara ba, domin dashen ɓargo yana warkar da cutar sikila, wadda kin san yawan gidajen da take damu a wajenmu, kuma dashe na farko da aka yi a Najeriya, a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, mai sikila aka yi wa.

Gaskiya ne cewa a 'yan shekarun nan an sami ci gaba, musamman ta hanyar ba majinyaci wani magani kwanaki kaɗan bayan dashe wanda ke kashe ƙwayoyin baƙon da suka fi zafin kai. Wannan ya sa yanzu ana iya yin dashe da ɗan'uwan da rabinsa kawai ya dace, ko da baren da ya gaza da alama ɗaya, a sami sakamako mai kyau. Da a ce haka ilimin yake a 2010, da an sami ƙarin hanyoyin da za a gwada wa Mandi. Wannan bai rage darajar kundin ba, sai ma ya faɗaɗa yawan majinyatan da sunan mutum ɗaya zai iya yi wa amfani.

Idan wata rana aka kira ɗanki, za a fara da gwajin jini don tabbatar da dacewar, sannan a yi masa cikakken binciken lafiya, kuma likitan da zai duba shi ba shi ne mai kula da majinyacin ba, domin kada son ceton wani ya sa a rufe ido ga lafiyar mai bayarwa. Hanyar da aka fi bi, wajen tara cikin goma, ba ta buƙatar tiyata. Ana yi wa mutum wata allura mai suna filgrastim kwana biyar a jere, wadda ke sa ɓargo ya ƙara yawan iyayen ƙwayoyin jini har su malalo cikin jijiyoyi. A rana ta biyar sai a zaunar da shi a haɗa shi da wata na'ura, jini na fita ta hannu ɗaya, na'urar na tace ƙwayoyin da ake so, sauran jinin na komawa ta ɗaya hannun, tsawon awa huɗu zuwa takwas. Abin da masu bayarwa suka fi kuka da shi shi ne ciwon ƙashi da ciwon kai da kasala a kwanakin allurar, sai kuma jin tsikari a leɓe ko yatsu lokacin da ake kan na'ura, kuma yawanci cikin mako guda sun koma daidai. Hanya ta biyu ita ce wadda kika ji labarinta a gurguje. Ana yi wa mutum allurar barci, a kwantar da shi rub da ciki, a zuƙo ɓargo mai ruwa-ruwa da allura daga ƙashin ƙugu, gwargwadon nauyinsa da na majinyacin. Yawanci a ranar ake sallamarsa ko washegari. Zai ji ciwo a ƙasan baya kamar na wanda ya faɗi a kan daɓe, cikakkiyar warkewa takan ɗauki kamar mako uku, jiki kuma yana mayar da abin da aka ɗiba cikin mako huɗu zuwa shida. Likitoci sukan fi son wannan hanya idan majinyacin yaro ne ko kuma cutarsa ba sankara ba ce.

Ba zan ce miki babu haɗari ko kaɗan ba, domin ba gaskiya ba ne. Allurar barci tana da nata haɗarin ga kowa, wurin da aka soka yana iya yin jini ko ƙwayar cuta ta shiga, kuma an taɓa samun fashewar saifa bayan allurar filgrastim, ko da yake abu ne da ba kasafai ake gani ba. Amma matsala mai tsanani ba ta da yawa, kuma bibiyar masu bayarwa na tsawon shekaru ba ta nuna cewa allurar na jawo sankara ba. Mai bayarwa ba ya biyan ko sisi, ana ɗaukar nauyin tafiyarsa da masaukinsa, ba a kuma biyansa kuɗin abin da ya bayar. Ta fuskar addini, idan wannan na cikin abin da kike tunani, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar abin da jiki ke mayar da gurbinsa da kansa, kamar jini, daga wani zuwa wani bisa sharuɗɗa.

Batun ba da jini kuwa, haɗa shi da rajistar ɓargo da ake yi a irin waɗannan tarukan tunawa yana da ma'ana sosai ga duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin masu sankarar jini. Kafin a yi dashe, sai an ba majinyaci magani mai ƙarfi, wani lokaci har da gasa jikinsa da hasken na'ura, wanda zai share ɓargonsa. Bayan an zuba masa sababbin ƙwayoyin ta jijiya kamar ƙarin jini, sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin su zauna su fara aiki, kuma a wannan tsakani mutum yana rayuwa ne da jinin wasu. Abin da aka fi ƙishirwa shi ne ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, waɗanda ake kira filatilet. Lafiyayyen mutum yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowane ɗan mitsitsin ma'auni na jini, majinyacin dashe kuwa nasa na iya sauka ƙasa da 10,000, inda jini ke iya ɓalle masa a ƙwaƙwalwa ba tare da ya bugu ba. Jajayen ƙwayoyi ana ajiye su har kwana 42 a firji, ruwan jini ana daskarar da shi ya shekara, amma filatilet kwana biyar zuwa bakwai ne iyakarsu, saboda haka kullum sai an sami sababbin masu bayarwa. Mai irin cutar Mandi yakan sha ledoji masu yawa a tsawon jinyarsa, kuma kowace leda wani ne ya zauna ya miƙa hannunsa.

Leda ɗaya kusan rabin lita ce. A Amurka ana ba da cikakken jini sau ɗaya a kwana 56, da sharaɗin nauyin mutum ya kai kilo 50 kuma gwajin ƙarfin jininsa ya yi kyau. Ruwan jinin yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyi cikin 'yan makonni, sinadarin ƙarfe kuwa ya fi daɗewa, shi ya sa nake ba mai yawan bayarwa shawarar ya kula da abincinsa, ɗan wasa kuma ya guji bayarwa gab da gasa. Akwai abu biyu da suka shafi ɗanki musamman. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi a can ita ce a jinkirta har shekara uku kafin a karɓi jinin wanda ya zauna a ƙasar da ake zazzaɓin cizon sauro, saboda haka kada ya ji haushi idan aka ce ya dakata, kuma kada ya ɓoye inda ya fito ko lokacin da ya zo hutu gida. Na biyu, za a gwada shi ciwon hanta nau'in B, wanda yake da yawa a wajenmu kuma mutum na iya ɗauke da shi bai sani ba. Idan yana da rabin sikila, wato AS, wannan ba ya hana shi zama a kundin ɓargo, amma ya faɗa musu tun farko.

Yanzu na zo ga abin da na fi so ki isar masa, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar. Goga auduga a baki minti biyar ne, ana yin sa cikin raha da abokai, kuma mutum na iya yi don kunyar wanda ya tare shi a hanya. Amma abin da ya sa hannu a kai alkawari ne, kuma alkawari kaya ne. Kiran yana iya zuwa bayan shekara biyu ko goma, lokacin da ya gama makaranta, ya canja lambar waya, ya kama aiki, wataƙila ma ya dawo gida. Babbar matsalar kundayen duniya ita ce kaso mai yawa na waɗanda ake kira ba a samun su, ko kuma su ce sun fasa. A aikina na taɓa zama gaban iyayen wani yaro na gaya musu an sami wanda ya dace da ɗansu, na ga yadda fuskokinsu suka sake, sannan bayan makonni na koma na gaya musu mutumin bai amsa kira ba. Ban san uzurinsa ba, kuma ba na zarginsa, amma kwanakin da aka ɓata ana jiransa kwanaki ne da cutar ba ta jira ba. Mai bayarwa yana da 'yancin ya fasa a kowane mataki, babu mai tilasta masa. Sai dai idan zai fasa, ya fasa da wuri, domin da zarar an fara share ɓargon majinyaci, janyewar mai bayarwa na iya zama ajalinsa.

Akwai 'yan wasan da suka nuna yadda cika wannan alkawari yake. Matt Szczur, ɗan wasan Villanova da ya yi rajista a gangamin kocinsa, an kira shi a lokacin da tauraruwarsa ke haskawa, ya ba da ƙwayoyinsa a 2010 ga wata ƙaramar yarinya 'yar Yukiren mai sankarar jini, ya rasa wasanni da dama saboda haka, yarinyar kuma ta rayu. Cameron Lyle na Jami'ar New Hampshire, mai wasan jifa da dunƙulen ƙarfe, ya yi rajista a makaranta har ya kusa mantawa, sai aka kira shi a 2013 ana gab da gasarsa ta ƙarshe a jami'a. Ya san bayan an ɗebi ɓargonsa ba zai iya ɗaga abu mai nauyi ba na wasu makonni, ya haƙura da gasar ya je ya bayar.

Kin tambaya me wannan zai ƙara wa wadda ta riga ta rasu. Abin da ke tsakanin bawa da Mahaliccinsa ba fagen likita ba ne, amma abin da ake gani a duniya zan iya faɗa miki. An tuna da Mandi ta hanyoyi da dama. Ƙungiyar gasar da Yale ke bugawa a cikinta ta sa sunanta a lambar yabon da ake ba ɗaliba 'yar hoki da ta yi fice a karatu da wasa, ƙanenta Jaden Schwartz kuma, wanda ya zama ƙwararren ɗan wasa har ya ci babban kofin hoki na Arewacin Amurka da ƙungiyar St. Louis Blues a 2019, ya koma sanya lamba 17 saboda ita. Waɗannan duka suna da kyau, amma gangamin rajistar ya bambanta da su, domin ya tunkari ainihin abin da ta rasa. An nemi mutum ɗaya da ya dace da ita ba a samu ba, sai waɗanda suka san ta suka ɗauki aikin rage yawan iyalan da za a gaya wa irin wannan magana. Ɗaliban da ke tsayawa a harabar jami'ar yau suna tare mutane ba su taɓa ganin ta ba, waɗanda suka yi wasa tare da ita sun daɗe da barin makaranta, amma aikin bai tsaya ba, kuma akwai mutanen da ke raye da ɓargon wani ɗalibin Yale a jikinsu. Har rukunin jinin wanda aka yi wa dashe yakan koma na wanda ya ba shi.

Saboda haka shawarata, Hajiya, ita ce ki sa masa albarka a kan abin da ya yi, sannan ki tambaye shi ko ya fahimci nauyin da ya ɗauka. Ki ce masa duk lokacin da ya canja waya ko adireshi ya sanar da kundin, ya ba su lambar wani na kusa da shi wanda ba ya canja layi, kuma idan wata cuta ta same shi ko ya ga ba zai iya ba, ya nemi a cire sunansa maimakon ya bar shi yana ba wasu fatan da babu. Idan kiran ya zo, ya tambayi duk abin da bai gane ba kafin ya amince, ya kuma sanar da ke tun ranar farko. Bisa ƙa'idar Amurka ba zai san sunan wanda ya ba ba a shekarar farko, iyaka a gaya masa shekarunsa, da namiji ne ko mace, da cutar da ke damunsa. Bayan shekara guda, idan su biyun sun yarda kuma dokar ƙasar majinyacin ta ba da dama, ana iya haɗa su.